Takin Ɗan Haya

Alhaji Ƙasimu yana da gidajen haya biyar a garin Rano, kuma bai taɓa ba mutumin da ba shi da dabba ko ɗaki ɗaya ba. Idan malamin makaranta ya zo da babur ɗinsa yana neman gida, Alhaji yakan leƙa bayansa, in ya ga babu ko akuya sai ya ce ai an riga an kama. Amma in mutum ya zo yana jan tunkiya da igiya, tun bai gama sallama ba an shimfiɗa masa tabarma. Baƙi sukan ɗauka wani hali ne irin na masu arziki, kamar yadda wani ke tara tattabaru, wani ke tara agogunan da ba sa tafiya.

Haliru ya zo masa shekara biyu bayan an ƙaddamar da shari'a a Kano. Makiyayi ne daga dajin Kibiya, ciwon huhu ya shiga garkensa ya yi masa ƙarƙaf, ya bar shi da shanu uku da tumaki bakwai da matarsa Dije. Cikin shanun akwai wani baƙin bijimi da yake kira Ɓaleri. Ƙahonsa ɗaya ya miƙe sama, ɗayan ya lanƙwashe ya dubi ƙasa, kuma yana da kwaɗayin sabulu, har Dije ta koma rataye nata a reshen bishiya. Haliru ne ya karɓi haihuwarsa da hannunsa, shi ya sa in ya yi masa fito daga nesa yakan amsa da wani gurnani kamar na tsoho mai mura.

Alhaji ya zagaye dabbobin sau biyu kafin ya tambayi sunan mai su. Ya ba shi gida a bakin gari, kan hanyar Lausu, ɗaki biyu da zaure da tsakar gida mai faɗi. Kuɗin hayar ya yi araha har Haliru ya sake tambaya ko bai ji daidai ba. Shaidarsu Ɗanmalam ne, wani tsoho mai wankin hula da ke zama a ƙofar gidan Alhaji. An yi maganar rijiya, an yi maganar ƙyaure, an ce kada a sare darbejiyar da ke tsakar gida. Babu wanda ya ambaci taki. Alhaji bai ambata ba don a garin kowa ya san takin gida na mai gida ne, da shi yake ciyar da gonakinsa na Yalwa. Haliru bai ambata ba don inda ya tashi kowa ya san kashin saniya na mai saniya ne, manomi shi ke zuwa ruga da damin dawa yana roƙo a kwana masa a gona.

Zamansu ya fara da daɗi. Dije takan aika wa gidan Alhaji ƙwaryar kindirmo ranar Juma'a. Alhaji kuma, da aka gama girbi, sai ga amalanke cike da karan dawa da ƙaiƙayi, ya ce a shimfiɗa wa dabbobi kada sanyi ya kama su. Bayan sati uku ga wani amalanken. Haliru ya ce wa Dije bai taɓa ganin Bahaushe mai tausayin dabba kamar wannan ba.

Kowace safiya Haliru yakan share turke, ya haɗa kashin shanu da na tumaki da karan da suka tattake, ya zuba a kusurwar gabas, Dije ta ƙara da tokar murhu. Kafin rani ya raba, jujin ya kai ƙirjin mutum. Da asuba yakan yi tururi kamar tukunyar da aka buɗe. Wata kazar maƙwabta ta yi ƙwai a gindinsa ta watsar da su, ɗumin jujin kaɗai ya ƙyanƙyashe biyu, matan unguwa suka yi ta zuwa kallon 'yan tsakin da ba su da uwa. Alhaji ma yakan zo, wai gaisuwa. Sai ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya cusa hannu cikin jujin har gwiwar hannu, ya zaro, ya sansana, ya lumshe ido.

“Ya nuna, Malam Haliru. Kana da hannu.”

Haliru yakan yi murmushi ya ce an gode.

Wannan juji shi ne duk abin da Haliru ya dogara da shi. Wata tsohuwa a Lausu mai suna Tani ta ba shi aron gona, wani fako da ya shekara huɗu bai ba da ko dami biyar ba. Sharaɗinta ɗaya ne: ya zuba mata taki kafin ruwan shuka, in ba haka ba ta ba wani. Takin zamani kuwa a shekarun nan sai mai katin jam'iyya da wanda ya san wani, Haliru ba shi da ko ɗaya. Ya riga ya san shanu uku ba za su sake zama garke ba. In bai zama manomi bana ba, sai dai ya koma yi wa wasu kiwo, shi da ya taɓa korar saniya sittin tasa ta kansa.

Wata safiya cikin bazara, hadari ya fara leƙowa daga gabas kwana biyu a jere, ya dawo daga shayar da dabbobi sai ya tarar da jakai biyar a ƙofar gidansa, kowanne da mangala a bayansa. Daga ciki yana jin muryar Dije tana zage-zage da Fillanci. Ya kutsa. Maza huɗu ne a tsakar gidan: Sagiru, babban ɗan Alhaji, ƙato mai wuya kamar turmi, da masu jakai uku riƙe da shebur. Sun riga sun ci gefe ɗaya na jujin. Dije ta hau samansa ta tsaya da taɓarya.

“Sagiru, wa ya mutu kuka faɗo mini gida ba sallama?”

“Mun yi sallama, matarka ta amsa da taɓarya. Baba ne ya aiko a kwashe taki.”

“Takin wa?”

“Takin gidan nan mana.”

“Gidan ne ya yi kashin, ko shanuna?”

Masu jakai suka bushe da dariya. Sagiru bai yi ba.

“Kai ɗan Fillo, karan da Baba ya yi ta aiko maka duk rani, ka ɗauka don kyan fuskarka ne? Ko ka ɗauka gidan nan haka ake ba da shi kamar sadaka? Ku ci gaba da aikinku.”

Sai a nan Haliru ya gane. Ya tuna amalanken kara, ya tuna hannun Alhaji cikin juji, ya tuna godiyar da ya yi ta yi. Kunya ce ta fara kama shi, fushin daga baya ya zo. Ya fizge shebur daga hannun na kusa da shi ya wurga bayan katanga. Ya juya zai kama na biyu, Sagiru ya ɗaga nasa ya shimfiɗa masa bayan shebur a baki.

Haliru ya ji ƙara a cikin kansa kamar an fasa tulu. Ya durƙusa, ya tofar da jini, ya ga haƙoransa biyu a ƙasa, farare, tsakanin kashin tumaki. Dije ta diro daga saman juji ta kai wa wani mai jaki taɓarya a gwiwa, ya faɗi yana kiran uwarsa. Ta ruga murhu ta ɗebo garwashi da kasko ta watsa wa Sagiru, ya kare fuska da hannu, rigarsa ta kama hayaƙi a kafaɗa. Haliru ya miƙe da sandarsa. Ganin sandar ya sa suka ja da baya, suka fice suna jan gurgunsu, da mangala uku da suka riga suka cika.

Bai wanke bakinsa ba ya tafi ƙofar gidan Alhaji. Ya same shi a zaure yana ɓare goro, Ɗanmalam na gefe yana ɗora hula a kan gungume.

“Alhaji, dubi abin da ɗanka ya yi mini.”

“Na ji. Na kuma ji abin da matarka ta yi masa. Zauna.”

“Ba zama ya kawo ni ba. Ranar da ka ba ni gida, ka ce mini taki naka ne? Ga Ɗanmalam nan, ya faɗa.”

Ɗanmalam ya sunkuyar da kai. “Gaskiya ba a faɗa ba, Alhaji. Ba a ce naka ne ba, ba a ce nasa ne ba.”

“An ce masa iskar gidan tasa ce? Ai ba a faɗa ba, ga shi yana sha,” in ji Alhaji. “Malam Haliru, shekara ashirin ina ba da haya a garin nan. Duk abin da ya faɗi a ƙasata nawa ne. Tambayi kowa.”

“A wajenmu manomi ne ke kawo dawa ya roƙi taki.”

“Can daji ke nan.”

Haliru ya haɗiye jinin da ya taru masa a baki, ya sassauta murya. Ya ba shi labarin gonar Tani da sharaɗinta. Ya ce a raba biyu, kara na Alhaji ne, kashi nasa ne, kowa ya ɗauki rabi. Alhaji ya saurara har ƙarshe, ya jefa goro a baki.

“In na raba da kai yau, gobe gidaje huɗu za su zo su ce a raba. Ba zan fara ba. Gobe da hantsi za a dawo. In ka tsaya a hanya, da kwanon ɗakin za a haɗa a kwashe, ka ga yadda damina take a gidan da ba rufi.”

Ɗanmalam ya biyo shi waje yana cewa ya kai ƙara gaban alƙali, yanzu ai lokacin shari'a ne, haƙori ma yana da hukuncinsa. Haliru ya nuna masa gabas, inda hadari ya yi baƙi. Kafin a kira ƙara a saurari shaidu, ruwa ya sauka, taki yana Yalwa, gona tana hannun wani.

Ya zagaya garin neman jakai. Duk mai jakin da ya ji takin wane gida ne sai ya ce jakinsa ba shi da lafiya. Shi da Dije suka koma ɗiba da kwando a ka. Daga gidan zuwa gonar tafiya ce mai nisa, kafin magariba sawu huɗu kawai suka yi, abin da suka zuba bai rufe wurin da mutum biyu za su yi salla ba. Jujin kuwa kamar ba a taɓa shi ba.

Washegari da hantsi suka zo. Wannan karon jakai tara ne, da maza bakwai, da tsani, da Alhaji kansa a baya riƙe da lema. Unguwa ta fito, mata suna leƙe ta kan katanga. Haliru ya kora tumaki da shanu biyu waje tun da safe, amma ya bar Ɓaleri a turke, don bijimin ba ya yarda da kowa sai shi. Ya tsaya a bakin zaure da sandarsa ta gora, leɓensa ya kumbura ya kusa rufe masa hanci.

“Alhaji, ina roƙonka da girman Allah, ka koma da mutanen nan.”

“Ku hau ku cire kwanon,” in ji Alhaji.

Mutum biyu suka jingina tsani a bangon ɗaki. Sauran suka yo kan zauren. Abin da ba su sani ba, Haliru tun yana ɗan shekara bakwai yake riƙe da sanda, da ita ya kori kuraye, da ita ya raba bijimai masu faɗa. Na farkon da ya iso bai ga tahowarta ba, sai jin ta ya yi a gefen kunne, ya zube kamar buhu. Na biyu ya ɗaga shebur, sandar ta same shi a yatsu, aka ji ƙas, ya saki yana yarfe hannu yana ihu. Zauren ƙunci gare shi, mutum ɗaya kaɗai ke iya shiga, Haliru ya tare shi yana ta saukar musu da gora a ka da kafaɗa da ƙwauri. Jini ya fantsama a jikin ƙyauren.

Sagiru ya bar su ya zagaya ya haura katanga ta baya da barandami a hannu. Dije ce ta gan shi. Ta kwarma ihu ta yo kansa da taɓarya, ya kauce, ya hankaɗa ta, kanta ya bugi bakin rijiya. Haliru ya waiwaya, a nan wani ya samu ya rafka masa icce a haƙarƙari, suka ture shi suka kwararo cikin gidan, jakai na biye da su. Daga sama kuma aka fara jin kukan kwano ana ɓamɓare shi daga ƙusa.

Ɓaleri ya daɗe yana tonon ƙasa da kofato. Ƙarar kwanon da warin jini da jakan da suka cika masa wuri suka haɗu suka haukata shi. Ya ja baya ya fizga, turken ya tumɓuke gaba ɗaya. Ya sa ƙahon nan mai kallon sama a cikin jakin farko ya ɗaga shi ya yar, hanjin jakin ya zubo a kan mangalarsa. Ya bi ta kan tsanin, mutanen da ke sama suka rikito tare da fallen kwano. Alhaji ya shigo yana ɗaga lema yana cewa a kama shi, turken da bijimin ke ja da igiya ya shaɓe masa ƙafafu, ya faɗi a kan hannunsa, hannun ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Sagiru ya tsaya tsakanin bijimin da ubansa. Ƙaho ya shige masa cinya ya fita. Yana faɗuwa ya kai sara da barandamin da duk ƙarfinsa, ya sami Ɓaleri a agarar ƙafar baya, ya sake kai wa ɗayar.

Bijimin ya zauna a kan gindinsa kamar kare. Ya yunƙura, ƙafafun baya suka ƙi, ya sake yunƙurawa, ya ja jiki da na gaba taku biyu, jini na tsartuwa a bayansa. Sai ya juyo da kai yana neman Haliru, ya yi gurnanin nan nasa.

Gidan ya yi tsit, ban da nishin waɗanda ke kwance. Haliru ya yar da sandar. Ya je ya durƙusa ya duba saran, ya sa yatsa ya taɓa jijiyar da ta tsinke ta naɗe kamar igiyar guga. Ya san babu ɗori a nan.

“A ba ni wuƙa,” ya ce.

Babu wanda ya motsa. Ɗanmalam ne ya ratso mutane ya miƙa masa tasa. Bijimi ba ya kwantuwa da mutum ɗaya, Haliru ya dubi masu jakan da yanzun nan ya farfasa wa kai.

“Ku kama mini, kada ya mutu mushe.”

Suka zo, har da mai karyayyun yatsu. Suka kwantar da shi, suka juya shi ya dubi alƙibla. Haliru ya shafa masa goshi, ya faɗa masa wata magana da Fillanci a kunne, ya yi bisimilla ya yanka. Jinin ya malala ya bi gangaren tsakar gida ya shige gindin jujin.

Ya goge wuƙar a ƙasa ya mayar wa mai ita. Ya je ya ɗaga Dije, ya ga goshinta ya tsage amma idonta biyu. Wasu suka ɗaure cinyar Sagiru da rawani suka sa shi a baro suka yi asibiti da shi. Alhaji yana jingine da darbejiya, ya rungume hannunsa, fuskarsa ta yi fari kamar toka.

Haliru ya ɗauki shebur ɗin da ke yashe, ya jawo jaki ɗaya gindin juji, ya fara cika mangala. Kowane ɗagawa haƙarƙarinsa na sukarsa kamar ana caka masa tsinke. Ya cika, ya jawo na biyu. Masu jakan suka dubi Alhaji. Alhaji ya dubi bijimin da ke kwance, ya dubi hanyar da aka bi da ɗansa, ya kawar da kai. Da Haliru ya cika na takwas ya kora su waje, mutanen da suka cika ƙofar gida suka dare suka ba shi hanya.

Sawu biyar ya yi tsakanin gidan da Lausu, Dije na biye da shi da tsumma ɗaure a goshi. A sawu na uku ya tarar an watso musu tukwane da tabarmi a bakin hanya, an kuma fara feɗe Ɓaleri a ƙofar gida, Ɗanmalam na tsaye a kai don kada a yi wawaso. Bai tsaya ba. Tani ta fito gonar da sandarta tana nuna masa yadda ake yi, don shi juyewa kawai yake yi wuri ɗaya.

“Ba haka ba, ɗan nan. Tsibi-tsibi ake yi, taku goma tsakani. Sai an zo huɗa a baza.”

Bayan la'asar 'yan sanda biyu suka iso gonar a kan babur, da ɗan Hisba ɗaya a baya. Suka ce an ce ya fasa kan mutum uku, ya saki sa a kan jama'a, ya kuma kwashe jakan mutane. Haliru ya ce jakai ga su nan, sauran kuma zai yi bayani gaban alƙali, shi ma yana da haƙora biyu da bijimi da zai tambaya. Ya roƙi su bar shi ya juye mangala biyun da suka rage. Babbansu ya dubi bakinsa da rigarsa da ta bushe da jini, ya ce ya yi sauri.

Ya juye ɗaya, ta biyun ta gagare shi, hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Dije ta karɓa ta juye. Suka sa shi a tsakiyar babur, ya waiwayo yana duban fakon, wanda yanzu ya cika da baƙaƙen tsibi tun daga bakin hanya har gindin kukar da ke iyaka.

“Inna, ya isa?” ya tambayi Tani.

Tsohuwar ta bi gonar da ido, ta tsokani tsibi ɗaya da sandarta.

“Ya isa. Gona taku ce bana. Ke kuma 'yar nan, kwaso tukwanenku ki zo, akwai ɗaki a bayan nawa.”